Yadda Ake Ƙera Ƙaramar Tirela Mai Ɗakin Kwana Domin Iyali

GABATARWA

Malam manomi, idan gonarka tana nesa da gari, ka san wahalar kwanan daji. Bukkar kara da ciyawa ba ta wuce shekara ɗaya, ruwan sama yana ratsa ta, gara tana cinye ta, gobarar daji kuma takan lashe ta cikin ɗan lokaci. Wanda ya tafi da iyalinsa noman rani a fadama, ko girbi a wata jiha, ya fi kowa sanin wannan. Haka ma malamin gona da ke yin rangadi a ƙauyukan da babu masauki.

Wannan jagora zai bayyana maka yadda ake ƙera wata ƙaramar tirela da ake ja da mota, mai ɗakin kwana a gaba da madafa a baya. Mai walda da kafinta na garinku za su iya yin aikin, muddin ka san abin da za ka nema daga gare su. Ka karanta sashe na 4 da na 6 da natsuwa, domin kuskure a waɗannan wurare biyu yana iya jawo asarar rai.

1. ASALINTA DA SIFFARTA

Wannan nau'in tirela ya samo asali ne a Amurka a shekarun 1930, lokacin da mujallun sana'ar hannu suka riƙa buga zanen yadda mutum zai ƙera ta a gidansa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu da ya ƙare a 1945, ta ƙara yaɗuwa, domin an sami rarar alminiyum da tayoyin motocin soja da araha. Farin jininta ya ragu a shekarun 1960 da mutane suka koma ga manyan tireloli, sannan ya dawo daga shekarun 1990. Amurkawa suna amfani da ita ne wajen yawon shaƙatawa, kuma sunan da suka sa mata yana nufin ɗigon hawaye, saboda gabanta kewayayye ne mai tudu, bayanta kuma ya zube ƙasa ya tsuke.

Siffar tana da dalili. Rufi mai lanƙwasa ba ya tara ruwa, iska ba ta tokare shi sosai idan ana tafiya, kuma siririn katako idan aka lanƙwasa shi yakan ƙara ƙarfi. Girmanta ma ba a banza aka zaɓe shi ba: an bi ma'aunin fallen filawud ne, wato katakon nan mai ninki-ninki da ake mannawa a masana'anta. Falle ɗaya yana da faɗin mita 1.22 da tsawon mita 2.44, wato ƙafa 4 da ƙafa 8. Falle ɗaya shi ne bango ɗaya, saboda haka ɓarnar katako kaɗan ce. Mutum ba ya iya tsayuwa a cikinta. Zama ne da kwanciya. Girki da hira duk a waje ake yi.

2. ABUBUWAN DA ZA KA YANKE KAFIN KA SAYI KAYA

(a) Abin da zai ja ta. Ƙaramar mota mai lafiyayyen birki, ko a-kori-kura, ko tarakta, duk suna iya jan ta. Babur da keke mai ƙafa uku ba za su iya tsayar da ita ba idan ta ɗauki gudu, kada ka gwada. Ka duba littafin motarka ka ga nauyin da kamfani ya yarda ta ja.

(b) Nauyi. Tirelar da za mu bayyana ba ta da birkin kanta, birkin mota ne ke tsayar da su duka biyu. A ƙasashen Turai doka ba ta barin tirela marar birki ta wuce kilo 750 ita da kayanta, ƙananan motoci da yawa ma abin da aka yarda musu bai kai haka ba. Ka ɗauki kilo 650 a matsayin iyakarka. Idan an yi aiki da tsanaki, tirelar ba tare da kaya ba za ta kasance tsakanin kilo 350 zuwa 450. Ragowar shi ne rabon katifa, ruwa, abinci da batir. Kowane ƙarin katako da ka yarda kafinta ya sa, daga rabon kayanka ya fito.

(c) Faɗi. Tirela ta asali faɗinta mita 1.22 ne, kuma ta mutum biyu ce a matse. Domin iyali, ka yi faɗin mita 1.5. Katifa mai ƙafa 6 da ƙafa 4 da rabi za ta shiga daidai, ta bar kimanin santimita 60 a baya domin madafa.

(d) Kuɗi. Ka rubuta jerin kayan da ke ƙasa, ka zaga kasuwa ka tambayi farashinsu a wuri biyu ko uku, ka haɗa da ladan mai walda da kafinta, sannan ka ƙara kashi ɗaya cikin biyar domin abin da ba a zata ba. Idan abin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ƙungiyar manoma tana iya ƙera guda ɗaya ana karɓa-karɓa.

3. KAYAN DA AKE BUƘATA

Na ƙarfe:
• Bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, milimita 50 da 50, kaurin milimita 3, kimanin mita 12, domin shasi.
• Bututu mai milimita 75 da 50, kaurin milimita 3 ko 4, kimanin mita 4, domin wuyan tirela.
• Aksul ɗaya da sifirin biyu, wili uku da tayoyinsu (ɗaya na ko-ta-kwana), madigadi biyu.
• Ƙwallon ja da kofinsa, sarƙa biyu masu kauri, ƙafar jingina ta gaba da biyu na baya.

Na katako:
• Filawud mai milimita 18 domin daɓe, bango biyu da katangar madafa. Falle 5 zuwa 6.
• Filawud mai milimita 4 domin rufi, ciki da waje. Falle 6 zuwa 7.
• Busasshen katako mai santimita 4 da 4 domin haƙarƙarin rufi.

Sauran: fallen alminiyum, farin soso mai tauri irin wanda ake naɗe firiji da shi (kaurin milimita 25 zuwa 40), gam ɗin katako wanda ruwa ba ya narkarwa, gam ɗin toshe kafa, sukuru marasa tsatsa, noti da bol, ragar sauro, jan fenti mai hana tsatsa, fentin kwalta, farin fenti, da maganin gara.

Wajen filawud kada ka bi araha. Ka nemi wanda aka manna da gam mai jure ruwa. Ka karɓi guntu, ka tafasa shi a ruwa na awa ɗaya. Idan ninkinsa ya rabu, ka bar shi a shagon. Falle ɗaya mai milimita 18 yana kai kimanin kilo 30, mai milimita 4 kuwa kimanin kilo 7, ka riƙa lissafi tun daga nan.

4. SHASI, AKSUL DA DAIDAITA NAUYI

Shasi shi ne ƙashin bayan tirela. A yi shi a kan daɓen siminti mai laushi da bai karkace ba. A yanka bututu a jera su murabba'i mai tsawon mita 2.44 da faɗin mita 1.5, a ɗiga walda kaɗan-kaɗan a kusurwoyi tukuna. Daga nan ka auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, ka sake auna ɗaya ɓangaren. Dukansu su kasance kimanin mita 2.86, kuma kada bambancinsu ya wuce milimita 3. Sai sun yi daidai za a cika walda. A sa bututu uku a gicciye a tsakiya.

Wuyan tirela ya fita mita 1.2 daga gaban ɗaki, domin mota ta sami damar yin kwana ba tare da ta bugi ɗakin ba. A yi shi da bututu biyu da suka haɗu a gaba kamar bakin mashi. Abu mafi muhimmanci: kada a liƙa wuyan a goshin shasi kawai. Ya ratsa ta ƙarƙashin shasi har ya kai bututun gicciye na farko ko na biyu, a yi walda a duk inda suka haɗu. Wurin da wuya ya fito daga ƙarƙashin ɗaki shi ne ya fi shan wahala a hanya mai gargada, kuma nan ne yakan tsage.

Aksul ya kasance mai ɗaukar abin da ya haura kilo 750. Ɗakin yana zama ne tsakanin tayoyi biyu, saboda haka ka auna tsawon aksul kafin ka saya, a sami ratar santimita 5 tsakanin taya da bango. Aksul ɗin ƙananan motoci na gwanjo yawanci yakan gaza wannan faɗi. Sifirin ɗin babbar mota ya yi tauri ƙwarai ga wannan ɗan nauyi. Zai riƙa jijjiga ɗakin har sukurori su saki. Ka nemi na ƙaramar a-kori-kura a rage masa ganye. Idan ka sami wili mai ramukan noti irin na motarka, tayar ko-ta-kwana ɗaya za ta yi wa duka biyun aiki.

Yanzu ga tambayar da ta fi kowace nauyi: a ina za a ɗaura aksul? Mutane da yawa sukan ɗauka tsakiya ce. Wannan kuskure ne. Ƙa'ida ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na dukan nauyin tirela ya sauka a kan ƙwallon ja na mota. Idan bai kai haka ba, tirela takan fara kaɗa wutsiya hagu da dama da zarar gudu ya ƙaru, har ta fizge motar daga hanya. Idan kuma ya wuce, bayan mota zai durƙushe, gabanta ya ɗaga, sitiyari da birki su rage kamu.

Ga misali da lissafi. Ka ɗaura aksul a nisan mita 1.55 daga gaban ɗaki. Tsakiyar ɗaki tana mita 1.22, wato santimita 33 gaba da aksul. Daga aksul zuwa ƙwallon ja akwai mita 2.75. Idan nauyin tirela da kayanta kilo 600 ne, kuma ya bazu daidai, abin da zai sauka a kan ƙwallo shi ne 600 sau 0.33 a raba da 2.75. Amsa kilo 72, wato kashi 12 cikin 100. Wannan ya yi.

To, sai ka cika jarka biyu masu lita 25 da ruwa. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, ka ƙara kilo 50 ke nan. Idan ka ajiye su a madafa, santimita 70 bayan aksul, za su ɗage kusan kilo 13 daga kan ƙwallo. Saura kilo 59 cikin 650, wato kashi 9, ka faɗa cikin haɗari. Idan ka ɗora su duka a kan wuya, mita 1.75 gaba da aksul, nauyin ƙwallo zai haura kilo 100, kashi 16, ya yi yawa. Amma idan ka sa ɗaya a gaba ɗaya a baya, zai tsaya kimanin kilo 81, kashi 12 da rabi. Ka ga jarka biyu kawai sun isa su sauya halin tirela a kan hanya.

Ba sai ka yi wannan lissafi kullum ba. Sikelin da kake auna buhu da shi ya isa. Ka tsayar da tirela a wuri mai daidai, ka tare tayoyi da dutse, ka ɗora guntun katako a tsaye a kan sikeli, ka sauke kofin ja a kansa daidai tsayin ƙwallon motarka, ka karanta. Hikima ita ce kada a cika waldar kunnuwan sifirin sai an gama ɗaki an yi wannan awo, domin a iya matsar da aksul gaba ko baya kaɗan.

Kafin a cika waldar, ka auna daga tsakiyar kofin ja zuwa ƙarshen aksul na dama, ka auna na hagu. Idan ba su yi daidai ba, tirela za ta riƙa tafiya a karkace tana cin taya.

Ƙwallon ja iri-iri ne. Na Turai milimita 50 ne. Na Amurka akwai mai inci 2, wato milimita 50.8, da mai inci 1 da bakwai bisa takwas, wato milimita 47.6. A ido duk ɗaya suke, amma babban kofi a kan ƙaramin ƙwallo yakan fice a rami na farko. Ka duba lambar da aka buga a jikinsu, ka sayi biyun tare. A ɗaure ƙwallon a jikin shasin mota, ba a kan bamba ba, da bol masu lamba 8.8 a kansu. Sarƙoƙi biyu su gicciye a ƙarƙashin wuya, ta yadda idan kofi ya fice wuyan zai faɗa a kansu, ba zai soki ƙasa ba. Idan da tarakta za a ja, a sa zobe da fil mai makari a madadin kofi.

A kankare tsatsa da tartsatsin walda, a shafa jan fenti sau biyu, sannan baƙin fenti.

5. DAƁE, BANGO DA RUFI

Daɓe. A yanka filawud mai milimita 18 gida biyu, kowanne mita 1.22 da 1.5, a jera su a gicciye, mahaɗarsu ta zauna a kan bututu. Kafin a ɗora, a shafe ƙarƙashinsu da bakunansu da maganin gara, sannan fentin kwalta sau biyu. A ɗaure su da bol masu faffaɗan wasa a jikin shasi. Baƙin mai da wasu ke shafa wa katako kada ya shiga cikin ɗaki, warinsa ba ya fita.

Bango. Ka shimfiɗa falle ɗaya ka zana siffar. Domin lanƙwasar gaba, ka kafa ƙusa, ka ɗaura zare mai santimita 55 da fensir a bakinsa, ka ja. Domin gangaren baya, ka lanƙwasa siririn katako mai tsawo ka bi gefensa da fensir. Ka haɗe fallaye biyu ka yanke su tare da zarto ɗaya, domin kada su bambanta. Ƙofa ta kasance gaba da madigadi, faɗin santimita 65 da tsayin 85, kuma dokinta na ƙasa kada ya wuce rabin kaurin katifa, don kada ya riƙa gurje ƙafar mai fita. Ka yi ƙofa a kowane ɓangare. Wannan ya sa ba a tsallake mai barci, kuma idan wuta ta tashi akwai mafita biyu. Makulli ya zama wanda ake buɗewa daga ciki ko da an kulle ta waje.

A tayar da bango da gam da sukuru, a sa katangar da ta raba ɗaki da madafa. Ita ce ke hana bangaye karkacewa, saboda haka a tabbata ta tsaya cak kafin a ci gaba.

Rufi. A jera haƙarƙari daga bango zuwa bango, tazarar santimita 25 zuwa 30, a matso da su kusa-kusa inda lanƙwasa ta yi tsanani. A ninka su inda murfin madafa zai rataya da kewayen kafar iska ta sama. A fara sa filawud mai milimita 4 ta ciki. A yanka shi ta yadda tsawon fallen zai bi faɗin tirela, domin ta haka ya fi saurin lanƙwasa. Idan ya ƙi, a shimfiɗa masa tsumma mai ruwan zafi na ɗan lokaci. Daga nan a ja wayoyin lantarki, a cusa soso tsakanin haƙarƙari ba tare da barin rata ba, a rufe da filawud na waje.

Kada ka bari a ce maka soson nan ƙawa ce. A watannin Maris da Afrilu, rufin ƙarfe marar soso yakan mayar da ɗan ɗakin nan tanda. A lokacin hunturu kuma sanyi ya ratso.

Fatar waje. Alminiyum mai kaurin milimita 0.7 zuwa 1 ya wadatar. Ka sani yana miƙewa da zafi fiye da katako: falle mai mita 3 yakan ƙaru da kusan milimita 3 idan zafinsa ya hau da digiri 40. Saboda haka ba a manne shi gaba ɗaya da gam. A kama shi a gefe-gefe da sandar alminiyum da sukuru, a sa gam ɗin toshe kafa a ƙarƙashin sandar da cikin kowane ramin sukuru. Wanda ba shi da halin alminiyum yana iya manna yadin auduga mai kauri a kan filawud da gam, ya shafe shi da fenti sau huɗu ko biyar har saƙar ta cika. Ko wanne ka zaɓa, fentin ƙarshe ya zama fari.

6. ISKA: WANNAN BATUN RAI NE

Ɗakin nan ƙarami ne, kuma an toshe duk wata kafa domin ruwa. Mutum biyu ko uku da ke numfashi a ciki suna buƙatar iska mai shiga da fita dukan dare. A yi taga a kowace ƙofa, da kafar iska mai murfi a kan rufi, da ƙananan kafofi biyu a ƙasan bango waɗanda ba su da murfi ko kaɗan. A rufe dukansu da ragar sauro. Iska mai zafi tana fita ta sama, mai sanyi ta shigo ta ƙasa.

Ka kiyaye waɗannan ba tare da sassauci ba:
• Kada a shigar da garwashi, murhun gawayi, risho ko fitilar kananzir cikin ɗaki, komai tsananin sanyi. Suna fitar da iskar guba da ba ta da launi ba ta da wari. Alamunta ciwon kai, jiri da tashin zuciya, amma mai barci ba ya jin komai har ta kashe shi.
• Janareto ko injin ban ruwa ya yi nisan aƙalla mita 6, bakin hayaƙinsa yana kallon wani wajen.
• Tukunyar gas ta zauna a waje, a ɗaure a tsaye a kan wuyan tirela. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya zuba yakan taru a ƙasa, daidai inda ake kwance.
• Fetur, maganin feshi, takin zamani, da buhun hatsin da aka sa wa ƙwayar maganin ƙwari mai tururi, kada ɗayansu ya kwana a ɗakin da mutane ke kwana, kada kuma a ɗauko su a ciki.

7. MADAFA DA LANTARKI

Murfin madafa shi ne wurin da ya fi yoyo. A yanka haƙarƙarinsa daga filawud mai milimita 18, suna bin lanƙwasar bango daidai. A rataya shi da dogon hinji daga gefe zuwa gefe, a lulluɓe hinjin da faffaɗar roba, a liƙa roba mai laushi a duk inda murfi ke zama. A sa masa sanda mai makari da za ta riƙe shi idan an ɗaga, domin iska kada ta sauke shi a kan uwargida. A yi teburin girki a tsayin ƙugu, a lulluɓe shi da alminiyum, kantoci kuma su sami baki don kada tukwane su zubo a hanya. Girkin itace ko gawayi a yi shi a ƙasa, nesa da tirela.

Lantarkin hasken rana ya isa ɗakin. Ƙwan fitila biyu masu wat 3 na awa 4, da ƙaramar fanka mai wat 15 na awa 6, da cajin waya uku, duka ba su kai wat-awa 150 ba a yini. Faifan hasken rana mai wat 50 da batir mai bolt 12 da amfiya-awa 40 za su ɗauki wannan. A sa na'urar daidaita caji tsakaninsu, da fis kusa da kan batir. Batirin ya zauna a akwati mai kafar iska a kan wuya, ba cikin ɗaki ba, a kuma lissafa nauyinsa.

Fitilun hanya dabam suke: jar fitila, ta birki da sigina, duk daga mota suke samun wuta ta soket. A liƙa abin ƙyalli ja a baya. Kafin ka hau babbar hanya, ka je ofishin jami'an duba motoci na jiharku da na Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ka ji abin da ake buƙata game da rajista da lamba.

8. WURIN KWANAN YARA

Ƙaramin yaro yana iya kwana a kan gado na gicciye da za a yi sama da ƙafafun iyaye, jikin katangar madafa. Tsawonsa kimanin mita 1.4 ne. A sa masa makari a gefe don kada ya faɗo, a bar masa sarari isasshe zuwa rufi. Manyan yara kuwa a yi musu rumfa. A ɗaura sandar ƙarfe a saman bango ɗaya, a rataya tamfal mai mita 3, a kafa masa sanduna biyu, a kewaye gefensa. Da rana inuwa ce ta cin abinci, da dare ɗaki ne. A ba su gadon tafi-da-gidanka da gidan sauro mai magani. Kada su kwanta a ƙasa saboda maciji da kunama.

Ko yaro ko babba, ba a ɗaukar kowa a cikin tirela tana tafiya.

9. GWAJI DA TAFIYA

Kafin a sa katifa, a rufe ko'ina a kwarara mata ruwa na minti 15, mutum ɗaya yana ciki da tocila yana duba yoyo. Bayan haka a ja ta babu kaya a hanyar da ba cunkoso, a gwada birki, kwana da komawa baya. A sake ɗaure notocin wili bayan kilomita 50 na farko.

Tayar gwanjo tana iya yin kyau a ido alhali ta tsufa. A gefenta akwai lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Lamba 2319 tana nufin mako na 23 na shekarar 2019. Wadda ta haura shekara 6 ka guje ta.

A hanya kada ka wuce kilomita 80 a awa, ka ninka ratar da kake bari tsakaninka da motar gaba. Idan tirela ta fara kaɗawa, kada ka taka birki da ƙarfi, kada ka yi kokawa da sitiyari. Ka ɗaga ƙafa daga totur, ka riƙe sitiyari a miƙe har ta lafa, sannan ka tsaya ka matso da kaya gaba. Duk inda ka tsaya ka taɓa cibiyar wili. Idan ta yi zafin da hannu ba zai jure ba, boris na neman giris ko sauyi.

A gona, ka zaɓi tudu, ba bakin rafi ko kwarin da ruwa ke bi ba. Ka share ciyawa kewaye da ita saboda gobara, ka tare tayoyi, ka sauke ƙafafun jingina.

10. KULAWA

Kafin damina ka bi duk mahaɗa da ramin sukuru, ka sabunta gam inda ya tsage. Sau ɗaya a shekara a wanke boris a sa sabon giris, a duba waldar wuya ko akwai tsaga, a sake shafa kwalta a ƙarƙashi. Idan za ta daɗe a ajiye, a ɗora shasi a kan bulo don tayoyi su huta, a bar tagogi a ɗan buɗe, kada wani katako ko ciyawa ya haɗa ta da ƙasa, domin ta nan gara ke hawa.

GA MALAMAN GONA

Idan manomi ko ƙungiya suka nemi shawararku, ku halarci aikin a matakai uku: ranar da ake auna shasi, ranar da ake gwada nauyin wuya da sikeli, da ranar gwajin hanya. Ku tabbata matan gida sun ji bayanin sashe na 6 da kunnensu, domin su ne ke riƙe da wuta da yara.

KAMMALAWA

Malam manomi, tirelar nan ba ta buƙatar wata na'ura da babu ita a garinku. Abin da take buƙata shi ne awo na gaskiya, katako mai jure ruwa, walda mai kyau, da mai ita wanda ba ya gajiya da dubawa. Ka fara da takarda da fensir: ka rubuta nauyin da motarka za ta iya ja, yawan mutanen da za su kwana, da kayan da ba makawa sai an tafi da su. Idan lissafin ya tsaya ƙasa da kilo 650, sai ka kira mai walda.